Murhun lantarki mai kai huɗu a gidan haya: shin da gaske ya fi na gas aminci?

Maman_Hanifa:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar wuta da kuma matan da suka daɗe suna girki da lantarki. Mun koma wani gidan haya a Kano, kuma a cikin kayana akwai murhun lantarki mai kai huɗu da obin a ƙasansa, wanda tun da aka kawo shi ban taɓa haɗa shi ba. Maigidana ya fi son mu bar gas gaba ɗaya saboda yara, domin a ganinsa lantarki ba ya fashewa kuma ba ya yoyo. Wanda ya kawo mana kaya ya ce a ɗaura wa wayar murhun filogi a cusa a soket ɗin kicin, amma maƙwabciyata ta ce kada in kuskura. Shin lantarkin ya fi gas aminci da gaske, kuma yaya ake haɗa shi da kula da shi?

Injiniya_Dakata:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Maƙwabciyarki ta yi miki gaskiya, kuma ina roƙon kada a kunna murhun nan sai an yi masa layinsa na kansa. Ki duba bayansa, za ki ga wata takarda ko ƙaramin ƙarfe da aka rubuta ƙarfin wutar da yake ja. Irin mai kai huɗu da obin yakan kai wat 7,000 ko fiye idan an kunna komai lokaci ɗaya, wato kusan amfiya 30 a kan bolt 230 da muke amfani da shi a Najeriya. Soket ɗin bango mai baki uku kuwa amfiya 13 aka yi shi ya ɗauka, abin da bai wuce wat 3,000 ba. Idan aka tilasta masa ɗaukar fiye da haka, ko dai fiyus ɗin filogin ya riƙa ƙonewa, ko kuma, idan wani ya cire fiyus ɗin ya ɗaura zallar waya kamar yadda ake yi, soket ɗin ya yi zafi ya narke a cikin bango inda ido ba ya gani.

Abin da ya dace shi ne a jawo waya mai kaurin murabba'in milimita 6 (6mm²) tun daga akwatin rabon wuta har kicin, ba tare da an rataya mata firji ko hita ba, a sa mata bireka mai amfiya 32, sannan a kafa babban makunnin murhu mai amfiya 45 a bango. A kafa makunnin a gefe, inda hannu zai kai gare shi ba tare da an miƙa ta saman tukunya ba, domin ranar da wani abu ya kama, nan ne za ki fara nufa. Idan kicin ɗin yana da nisa da akwatin, mai aikin zai iya ƙara kaurin wayar zuwa murabba'in milimita 10.

Abu_Sadiq_Zariya:
Na goyi bayan maigidanki. Tukunyar gas idan ta yi yoyo cikin dare, gida ne gaba ɗaya ke cikin haɗari, amma lantarki da zarar an kashe makunni magana ta ƙare.

Hajiya_Mai_Waina:
Malam Abu Sadiq, maganarka tana da ƙamshin gaskiya, amma ka manta da halin wutar ƙasar nan. Babban haɗarin murhun lantarki a wurinmu shi ne ɗauke wuta. Mace tana tsaka da soya miya sai a ɗauke, ta sauke ta koma gawayi, ko ta bar tukunyar a kai ta tafi unguwa, ma'aunin yana nan a kan lamba shida domin babu harshen wuta da zai tuna mata. Can tsakar dare a kawo wuta, murhun ya ci gaba da aikinsa babu kowa a kansa. A layinmu haka ta faru da wata amarya: ta ɗora farantin roba da tsumman goge-goge a kan murhun da yamma saboda ya huce, aka kawo wuta wajen asuba, hayaƙi ne ya tashe su, kuma sai da kantar saman murhun ta ƙone ƙurmus kafin a shawo kanta. Allah ya tsare babu wanda ya ji ciwo.

Tun daga lokacin dokar kicin ɗina ita ce, da an ɗauke wuta, kafin a nemi tocila ma, a mayar da kowane ma'auni kan sifili, a kashe babban makunnin bango. Kuma ban yarda a ɗora komai a kan murhu ba, ko da murfin roba ne, ko yana da zafi ko ba shi da shi. 'Yan aikina sun san wannan kafin su san inda nake ajiye gishiri.

Maman_Hanifa:
Na gode, Injiniya, na gode, Hajiya. Na duba bayan murhun, an rubuta 7.5kW. Sai dai mai gidan hayar ba ya son a fasa masa bango. Akwai wata hanya?

Injiniya_Dakata:
Akwai. Ana bin da wayar ta saman bango cikin robar rufe waya, a kafe ta da kyau, ba sai an fasa ko'ina ba, kuma ranar da za ku tashi ana iya kwance ta. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne a gwada ko gidan yana da wayar ƙasa mai aiki, wato wadda ke kai wutar da ta zurare zuwa cikin ƙasa. A sababbin wayoyi ita ce mai launin kore da rawaya, mai launin ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya kuma ita ce ta komawa. A tsofaffin gidaje za ki ga ja da baƙa da koriya. Gidaje da yawa suna da ramin na uku a soket amma babu abin da aka haɗa masa, ko kuma sandar da aka binne a ƙasa ta daɗe da ruɓewa. Jikin murhu ƙarfe ne, saboda haka idan waya ta sulluɓe ta taɓa shi daga ciki kuma babu hanyar da wutar za ta bi ta shige ƙasa, jikin mai girki za ta bi. Ki sa a ƙara miki na'urar RCD mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido idan ta ji tana zurarewa. Tana da maɓallin gwaji a jikinta, a riƙa danna shi lokaci-lokaci don a tabbatar tana raye.

Ummu_Khalil:
Injiniya, wannan batu ya taɓa ni. Nawa ƙaramin mai kai biyu ne, kuma idan na taɓa cokalin ƙarfe a cikin tukunya nakan ji yana ɗan tsirata, musamman idan na wanke ƙasan kicin. An ce mini in riƙa sa silifas na roba, kuma da na sa ba na jin komai.

Injiniya_Dakata:
Malama Ummu Khalil, don Allah ki zare shi daga wuta yau ɗin nan. Silifas ya hana ki ji ne kawai, matsalar tana nan, kuma ranar da yaro ya shigo ba takalmi ya dafa murhun, ko kika taɓa shi da hannu ɗaya ɗayan yana kan famfo, abin da kike kira tsira zai iya zama ajali. Wannan alama ce ta abu biyu a haɗe: wuta tana zurara zuwa jikin ƙarfen, kuma babu wayar ƙasa. Sau da yawa ƙarfen da ke yin zafin ne ya tsage, ko miya ta zubo ta shiga inda wayoyi suke.

Dan_Maradi:
Gaisuwa daga Maraɗi. Mu a nan kuran ɗin NIGELEC, kamfanin wutar lantarkin Nijar, bolt 220 ne, kuma soket ɗinmu mai rami biyu ne zagayayyu irin na Faransa, alhali yawancin ƙananan murahun da ake shigowa da su ta Jibiya filogin Najeriya ne da su mai ƙafa uku. Mutane sai su sayi ɗan abin haɗi mai araha su cusa, kuma ta nan ake rasa wayar ƙasar da Injiniya yake magana a kai, ga shi abin haɗin yana yin zafi har ya yi baƙi. Shawarata ga 'yan Nijar ita ce a canza filogin gaba ɗaya zuwa mai kyau wanda ya dace da soket mai ƙasa. Lambar 'yan kwana-kwana a wurinmu 18 ce, ya kamata kowa ya riƙe ta.

Baban_Yusra:
Ni abin da ban ji kowa ya taɓo ba shi ne kuɗi. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki a Najeriya ta ɗaga farashin masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wa wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, kodayake an ɗan sassauta daga baya. Kai ɗaya mai wat 1,500 idan ya yi awa guda a kan cikakken ƙarfi ya cinye yunit ɗaya da rabi, wato sama da naira 330 a wancan farashin. Ku lissafa dafa wake ko ganda. Duk wanda ke da mita mai kati zai ga yunit yana tafiya a gabansa, wanda kuma ba ya rukunin A ba shi da tabbacin wutar da zai dogara da ita wajen abincin rana.

Abu_Sadiq_Zariya:
Gas ɗin ma ai ba kyauta ake ba da shi ba, kuma kowa ya ga yadda farashin kilo ya hau a shekarun nan. Tambayar Hajiya a kan aminci ce.

Hauwa_Sola:
Batun kuɗi yana da alaƙa da aminci, domin shi ne ke sa mutane su yi ƙoƙarin ɗora murhu a kan janareto ko inbata. Ƙaramin janareton gida bai kai wat 1,000 ba, ko kai ɗaya ba zai ɗauka ba. Mu da muke da sola, murhun indokshan (mai zafafa tukunya da ƙarfin maganaɗisu) mai kai ɗaya muke amfani da shi, da rana tsaka kawai lokacin da faifan ke samun rana sosai, kuma ba ma kai shi ƙarshen lambarsa. Maman Hanifa, idan kuna da janareto ko inbata, ki gaya wa mai haɗa wutar ya ware layin murhun ya bar shi a ɓangaren wutar gwamnati kaɗai, don kada wani ya kunna obin bisa kuskure lokacin da aka juya gida kan batir.

Gwaggo_Asabe:
Ni tsohuwa ce, tambayata ɗaya. Ana iya tuƙa tuwo a kan wannan abin? 'Yata tana da mai saman gilashi, kuma duk lokacin da na je gidanta sai dai mu koma gawayi a tsakar gida.

Hajiya_Mai_Waina:
Gwaggo, ana iyawa, amma ya danganta da irin murhun da irin tukunyar. Mai baƙin faifan ƙarfe yana jure tuƙi, in dai gindin tukunyar shimfiɗaɗɗe ne ya zauna daram a kan faifan. Tukwanenmu na dalma masu kumburarren gindi ɗan tsakiyarsu kawai ke taɓa faifan, sai wuta ta tafi a banza, tukunyar kuma ta riƙa rawa a ƙarƙashin muciya, wanda haɗari ne ga mai tuƙi da talge yana tafasa. Mai saman gilashi kuwa 'yarku ta yi daidai da ta hana. Jan tukunya mai nauyi yana karce shi, bugun muciya kuma yana iya tsaga shi, kuma gilashin da ya tsage ba a sake girki a kansa domin ruwa zai bi tsagar ya sami wuta. Wani abin lura shi ne faifan ƙarfe ba ya hucewa nan take kamar gas, don haka ni nakan kashe shi tun kafin in gama tuƙi, zafin da ya rage ya isa ya turara tuwon. Wannan yana rage cin yunit ɗin da Baban Yusra yake kuka da shi.

Hauwa_Sola:
Ƙari a kan haka, shi indokshan ba ya ma karɓar tukunyar dalma ko ta alminiyam sam. Ki manna maganaɗisu a gindin tukunya, idan ya kama za ta yi, idan ya faɗo ba za ta yi ba. Wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya kuma ya tuntuɓi likitansa kafin ya riƙa tsayawa dab da irinsa.

Sista_Rabi:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina so in dawo da mu kan dalilin maigidan Maman Hanifa, wato yara. Yaro yana ganin harshen wutar gas ya ji tsoro, amma faifan lantarki da aka kashe kamanninsa ɗaya da mai sanyi, alhali zai iya sale tafin hannu bayan mintuna masu yawa. Masu gilashi suna da ɗan haske ko harafin H da ke nuna sauran zafi, masu baƙin faifai kuwa yawanci ba su da shi. Ki riƙa amfani da kawunan baya idan yara suna kusa, ki juya mariƙin tukunya da na kasko zuwa ciki. Ƙofar obin ma abin tsoro ce, domin yaro yakan buɗe ta ya taka don ya leƙa tukunya, sai murhun ya rinjayo kansa da duk abin da ke tafasa. Akwai ɗan ƙarfe ko sarƙa da ake kafe bayan murhun da bango da shi, ki tabbatar an sa.

Idan ƙuna ta faru, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana gudana na minti 20, a cire zobe ko awarwaro kafin kumburi, a rufe da kyalle mai tsabta a nufi asibiti. Kada a shafa man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko manja, ko gishiri. Muna shan wahalar wanke su daga ciwon, kuma suna jawo ruɓa. Idan kuma wuta ta riƙe mutum, kada a kama shi da hannu, a kashe babban makunni, in bai samu ba a ture shi da busasshen katako. Ko ya ce ya warware, a kai shi a duba zuciyarsa.

Malam_Tanko:
Game da mai idan ya kama a kasko, mu abin da muka tashi muka gani shi ne a jiƙa buhu ko bargo a lulluɓe, ko a watsa gari.

Tsohon_Dan_Kwanakwana:
Malam Tanko, ka yi haƙuri in gyara wannan, domin rai ake magana. Gari yana ci da wuta, idan aka watsa shi a kan harshen wuta yana iya tashi bal a fuskar mutum. Jiƙaƙƙen bargo kuma yana ɗigar da ruwa, ruwa kuwa idan ya shiga tafasasshen mai yakan nutse ƙasa ya zama tururi nan take, ya ninka girmansa sau kusan 1,700, ya watso man mai ci har silin. A kan murhun lantarki haɗarin ya zama biyu, domin ruwan zai iya samun wuta. Abin yi shi ne a kashe babban makunnin bango, a zura murfin ƙarfe ko faranti a kan kaskon daga gefe, a bar shi a rufe. Kada a ɗauki kaskon a ce za a fita da shi, kuma kada a yi saurin ɗaga murfin, tunda faifan yana nan da zafinsa kuma man zai iya sake kamawa da ya shaƙi iska. Idan cikin obin ne ya kama, a kashe wuta a bar ƙofar a rufe. Ya kamata kowane kicin ya sami bargon kashe gobara a rataye kusa da ƙofa. Idan wutar ta wuce kasko, a fitar da kowa, a ja ƙofa, a kira 112 ko ofishin kashe gobara mafi kusa.

Amsata ga tambayar farko kuma, daga abin da na gani a bakin aiki, gobarar gas ta fi tsanani idan ta zo, amma ta lantarki takan fara a ɓoye cikin waya ko soket lokacin da mutane ke barci.

Malam_Tanko:
Na karɓi gyara, Allah ya saka da alheri. Zan sanar da iyali.

Anti_Bilki:
Babu wanda ya yi maganar wanki. Maman Hanifa, a kashe makunnin bango a jira ya huce kafin a taɓa shi da ruwa, kuma da matsattsen tsumma ake gogewa, ba a kwarara masa ruwa kamar ana wanke tukunya. Baƙin faifai yana tsatsa, don haka bayan gogewa ki kunna shi kaɗan ya bushe, idan ya huce ki shafa masa ɗigon man gyaɗa da tsumma. Mai gilashi ba a sa masa soson ƙarfe, kuma idan sukari ya zuba a kai, kamar lokacin haɗa alawar madara, a kankare shi a hankali tun bai daskare ba domin yana cin gilashin. Maiƙon da ke taruwa a cikin obin shi ne ke kamawa, a riƙa share shi bayan gashin kaza, kuma kada a shimfiɗa takardar alminiyam a ƙasan obin domin tana tare zafi ta lalata shi. Lokaci-lokaci a jawo murhun a duba bayansa, saboda ɓeraye suna son ɗumin wurin, suna cin rigar waya su yi sheƙa da audugar da ke jikin obin.

Injiniya_Dakata:
Anti Bilki ta tuna mini wani abu da ya shafi murhun Hajiya kai tsaye. Tunda ya daɗe a ajiye, mai yiwuwa ƙarafan da ke yin zafin sun sha danshi, musamman idan damina ta same shi a sito, kuma hakan kan sa RCD ta riƙa faɗuwa a kunnawar farko. Idan haka ta faru, kada a bari wani ya ce a cire na'urar don a huta; mai gyara ya auna kowane kai daban ya busar da shi ko ya canza wanda ya lalace. Idan kuma wuta ta yi ƙasa, ki sani zafin yana raguwa fiye da yadda ake zato, domin a bolt 160 kusan rabin zafinsa kawai faifan zai bayar, kuma wannan ba lalacewa ba ce.

Baban_Yusra:
Duk da haka ni ina nan a kan bakana: kada ta sayar da tukunyar gas ɗinta. Ta fitar da ita waje cikin keji mai iska, a jawo tiyo ta bango.

Abu_Sadiq_Zariya:
Ni kuma har yanzu ina ganin idan aka yi haɗin da Injiniya ya faɗa, na fi samun natsuwar barin yara a gida da lantarki.

Maman_Hanifa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na nuna wa maigidana duk abin da kuka rubuta, ya yarda a kira mai haɗa wuta ya gwada wayar ƙasa ya ja layin daban, kuma zai yi wa mai gidan magana kan bin da wayar ta saman bango. Batun ajiye gas ko rabuwa da shi ba mu tsayar ba tukuna. Gwaggo Asabe, nawa mai baƙin faifai ne, don haka zan nemi tukunya mai shimfiɗaɗɗen gindi. Injiniya, idan mai aikin ya kawo wayar, ta yaya zan gane ta jan ƙarfe ce ta gaske mai cikakken kauri, tunda an ce akwai ta jabu a kasuwa?

Injiniya_Dakata:
Ki sa ya fere bakinta a gabanki ya kankare silin da wuƙa. Idan cikin ya fito fari, alminiyam ce aka shafa wa ruwan jan ƙarfe, kada ki karɓa. Ta gaske ja ce har ciki, tana da nauyi a hannu, kuma za ki ga kaurinta da sunan kamfanin a rubuce a jikin rigarta. Ya fi kyau maigida ya bi shi shagon su saya tare, a karɓi rasit.